Me za mu kira BASE jumping da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "dirar tsaye"

Jama'a, assalamu alaikum. Masu harshe nake nema. Akwai wasan kasadar nan da Turawa ke kira BASE jumping, wanda mutum zai hau kan bene ko gada ko tsauni, da laima goye a bayansa, ya diro. Bidiyonsa ya cika wayoyinmu, amma duk wanda ya tashi bayaninsa da Hausa sai ka ji ya ja doguwar jimla: "masu tsalle daga wurare masu tsawo da lema". Da wannan ba za a rubuta kanun labari ba. Suna muke buƙata, gajere, wanda baki zai iya ɗauka.

Ga asalin na Turancin. BASE haruffan farko ne na wurare huɗu da ake dirowa daga kansu: building, wato gini, antenna, doguwar eriya irin ta gidan rediyo, span, gada, sai earth, dutse ko tsauni. Ba'amurke Carl Boenish da matarsa Jean da abokansu Phil Smith da Phil Mayfield ne suka raɗa shi. Boenish ne ya ɗauki fim ɗin dirar da aka yi daga dutsen El Capitan na gandun Yosemite a Kalifoniya a 1978, wadda daga ita ake ƙirga farkon wasan a sigarsa ta yau. Daga 1981 suka fara ba da lamba ga duk wanda ya cika huɗun, Phil Smith ne lamba 1. Shi kuwa Boenish a wasan ya rasu, a 1984, a yankin Trollveggen na ƙasar Norwe.

To, tun da na fara jefa wannan tambaya ga jama'a, shawarwari sun zo, Allah ya saka. Bari in bi su.

"Dirar mikiya" ta fi kowacce samun masoya, kuma na san dalili, tana da daɗi a kunne. Sai dai 'yan jarida sun riga mu. Yau in ka ce an yi dirar mikiya, kowa zai tambaya su wa aka kama. Ka rubuta "matasa uku sun yi wa gada dirar mikiya", mai karatu zai ɗauka hari aka kai. "Saukar ungulu" ma tana da mai ita, jirgi mai saukar ungulu ya daɗe da riƙe ta.

Sai masu cewa a kira shi "kundunbala", ko "ganganci" kawai a huta. Wata Hajiya ma cewa ta yi ƙunar baƙin wake ce da laima. Hajiya, ban ƙi taki gaba ɗaya ba. Likitoci a Norwe sun bi dirar da aka yi daga tsaunin Kjerag tsakanin 1995 da 2005, sau 20,850. Mutum 9 suka mutu, aka samu haɗari 82 da ba a rasa rai ba. Wato a kowace dira 2,317 ana rasa rai ɗaya, kuma suka ƙiyasta haɗarin ya ninka na masu dirowa daga jirgi sau biyar zuwa takwas. Masu wasan da kansu suna da kundin sunayen mamatansu tun daga 1981, sunayen sun haura 400. Amma ganganci hukunci ne da mai magana ke yankewa, kuma ya hau kan ɗan acaɓa mai tsere da tirela kamar yadda ya hau kan wannan. In muka sa shi ya zama suna, ranar da za mu ba da labarin wanda ya yi ganganci a cikin wasan, me za mu ce?

Wani dattijo, tsohon soja da ya ce ya yi horon laima a Jaji, ya rubuto: "Yaro, me ya kawo wahala? Mu sojan laima ake ce mana, abin da muke yi saukar laima. Wannan ma saukar laima ce."

Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiyarka, dangi ɗaya ne, kuma "saukar laima" ko "dirar laima" ita ce sunan gidan gaba ɗaya. Amma a ba ni dama in tsaya a nan, don duk abin da ya sa nake neman suna daban a nan yake.

Abu na farko shi ne lokaci. Mai dirowa daga jirgi don wasa yana fita ne daga tsawon mita 4,000 ko kusa da haka, ya yi kusan minti guda yana faɗowa, ya buɗe laima tun da sauran kimanin mita 1,000. Laima biyu gare shi, babba da ta ko-ta-kwana, ga na'urar da za ta buɗe ta biyun da kanta in ya suma. In ta farko ta cije, yana da lokacin da zai yar da ita ya ja ɗayar.

Mai dirowa daga gada laimarsa ɗaya ce. Ba rowa ba ce, ta biyun ba ta da lokacin buɗewa. Ɗauki gadar Perrine da ke Twin Falls a jihar Idaho ta Amurka, wadda tsawonta daga ruwa mita 148 ne. Wanda ya saki ƙafa, a sakan na farko ya ci mita 5, a na biyu ya kai 20, a na uku ya wuce 40. Kafin sakan 6 ya cika ya isa ƙasa. Duk abin da zai yi, a cikin wannan ɗan tsakanin zai yi shi.

Abu na biyu shi ne iska. Ka miƙa hannu ta tagar mota tana gudu, za ka ji iska na tura shi, in ka karkata tafin ya yi sama ko ƙasa. Ka miƙa shi motar tana fake, ba abin da za ka ji. Mai fita daga jirgi tun a ƙofa yake cikin iska mai ƙarfi, da ita yake daidaita jikinsa. Wanda ya taka bakin dutse kuwa daga tsaye ya fara, sakannin farko babu iskar da zai dogara da ita. In ya tashi kansa ya rinjayi ƙafa, haka zai ci gaba da juyawa, kuma in laima ta fito yana cikin juyin nan, igiya na iya naɗe masa ƙafa ko hannu. Shi ya sa a wajen horo ake rataye ɗalibi da igiya a jikin bishiya ko ƙarfe, ya yi ta maimaita tashi ɗaya: ƙirji gaba, haɓa sama, ido a kan nesa, kada ya kalli ƙasa.

Na uku, kuma shi ya fi cin mutane: abin da ka diro daga kansa yana nan tsaye a bayanka. Laimar zamani ba zagayayya ba ce irin taku ta soja, Baba. Shimfiɗaɗɗiya ce mai kusurwa huɗu, da ta buɗe gaba take tafiya. Wani lokaci takan buɗe a karkace, ko ma ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci bango. Mai ita yana da sakan biyu ko uku ya cafki madaurin baya na igiyoyin laimar ya juya ta, in ba haka ba ya rungumi dutse. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara koya wa mutum a gada, don a ƙarƙashin gada babu bango, ko ta juyo sarari za ta shiga. Perrine ta zama makarantar duniya saboda haka, ga ruwan kogin Snake a ƙasa, ga shi ana dira a can duk shekara ba tare da neman izini ba. Kuma masu koyarwa da suka san abin da suke yi ba sa karɓar ɗalibi sai ya yi dirar jirgi sau 150 zuwa 200, don sarrafa laima da sauka a ƙuntataccen fili ba a bakin gada ake koyonsu ba.

Abu ɗaya da za ka gane nan take, Baba: a wuri mai gajarta ƙwarai sukan ɗaure igiya a jikin gadar ko ginin, ita za ta zaro laimar da zarar mutum ya faɗa, kamar yadda ake maƙala taku a cikin jirgi.

Wannan ya kawo ni ga "dirar ƙoli", wadda wani malamin makaranta daga Damagaram ya kawo. Malam, kalmar ta yi kyau, kuma ta dace da irin dirar da Faransawa biyu, Fred Fugen da Vince Reffet, suka yi daga kan Burj Khalifa a Dubai a 2014, mita 828. Matsalata da ita, tana sa mai ji ya ɗauka tsawo ne abin tsoro. Alhali a wannan wasa tsawo sauƙi ne. Kjerag ya kusa mita 1,000, mutum yana da lokacin da zai tara gudu, ya miƙe jiki, iska ta nisanta shi daga dutsen kafin ya buɗe. Felix Baumgartner da ya diro daga hannun mutum-mutumin Yesu Almasihu na birnin Rio a ƙasar Brazil a 1999, mita 29 kacal ke ƙarƙashinsa. Wace ƙoli ke nan?

Wani ƙanina kuma ya yi dabara irin ta Boenish, ya haɗa Bene, Eriya, Gada, Dutse ya fitar da "begadu". Na yi dariya, na kuma yaba. In 'yan wasan Hausawa ne, da sun ɗauka sun yi taƙama da ita. Amma tsohuwa mai sauraron rediyo in ta ji "begadu" za ta ɗauka sunan gari ne a Borno.

Tawa shawarar: dirar tsaye. Cikakkenta a farkon labari "dirar laima daga tsaye", daga nan a gajarta. Mai yi, ɗan dirar tsaye. Jam'i, 'yan dirar tsaye. Kishiyarta dirar jirgi. Na zaɓe ta ne don ta kama abubuwa biyun da suka raba wasan da ɗan'uwansa: mutum daga tsaye yake tashi ba da gudun jirgi ba, kuma daga kan abin da ke tsaye yake tashi, wanda ba zai matsa masa ba.

Wata 'yar'uwa ta ce mai ji zai iya ɗauka ana nufin wanda ya dira a kan ƙafafunsa bai faɗi ba. Yaya, haka ne, wannan raunin yana nan. Amma a ganina kalmar "laima" a ambaton farko tana toshe shi, kuma na fi son sunan da in an yi masa kuskuren fahimta ba a tafi nesa ba, a kan wanda zai kai mutum ofishin 'yan sanda.

Tunda an taru, ga 'yan kayan aikin ma. Akwai ƙaramar laima da ake jefawa cikin iska, ita ke fizgo uwar daga jaka. Ni "'yar ja" nake ce mata. Girmanta na bin tsawon wuri: a gajeren wuri, inda iska ba ta yi ƙarfi ba, ana sa mai faɗin inci 46 ko 48, sau da yawa a riƙe ta a hannu tun daga sama; a dogon tsauni inci 32 ta isa, tana cushe a aljihun gindin jaka. Sanin inda take ba wasa ba ne. A 1999 Jan Davis, ƙwararriya da ta daɗe a harkar, ta diro daga El Capitan a wata zanga-zangar neman a ɗage haramcin da hukumar gandun daji ta Amurka ta sa. An san za a kama masu dirar a ƙasa a ƙwace kayansu, don haka ta ari wata jaka maimakon tata. A jakar aron 'yar ja tana a cinya ne, ba inda hannunta ya saba zuwa ba. Har ta kai ƙasa laimar ba ta fito ba, a gaban 'yan kallo da kyamarori.

Rigar nan mai fata tsakanin hannu da ƙafa, na ga wasu na rubuta "rigar fuka-fuki". Ni "rigar jemage" ta fi kwanta mini, duk wanda ya ga hoton zai yarda. Ita ta kashe Dean Potter da Graham Hunt a Yosemite a 2015, ita kuma ta cika kwarin Lauterbrunnen na Suwizalan da baƙi, har ta kai sai mutum ya sayi katin sauka don a biya manoman da ake dira a gonakinsu, ya kuma buga wa kamfanin jirage masu saukar ungulu waya kafin ya tashi, kada su haɗu a sama.

Ɗaya ce ta gagare mu har yanzu. Wani ɗan ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, da zobe a kowace kusurwa, igiyoyin laima na bi ta cikin zobban. Yana farawa daga sama ya zamo ƙasa, yana hana laimar buɗewa farat ɗaya. A dogon tsauni dole a sa shi, in babu shi fizgar na iya yaga laima ko ta ji wa mutum ciwo a wuya da baya. A gajeriyar gada kuwa cire shi ake yi ko a ɗaure shi a ƙasa, don jinkirin da yake kawowa ya fi ƙarfin tsawon wurin. An kawo "birki", amma laima na da nata birkin daban, igiyoyi biyu da ake ja da hannu wajen sauka. An kawo "mai-sassauta", ta yi tsawo. Teloli da masu ɗinkin tamfol, ku da kuke aiki da zobe da igiya kullum, me za ku kira shi?