Muhawara: wai idon na'ura ya fi na mutum wajen tsince abinci da zuba shi a kwali?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: duk masana'antar abinci da ke son kayanta su fita waje, gara ta bar wa na'ura aikin tsinta da jerawa a kwali. Idonta ya fi namu.

Hajiya Mai Zoɓo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, da ka taɓa zama a rumfar mata masu tsintar zoɓo a Dawanau, da ka sassauta wannan magana.

Injiniya: Na zauna, Hajiya, kuma ina ganin girmansu. Amma ki leƙa injinan shinkafa na zamani da ke Kano. Shinkafa na zubowa kamar ruwa, kyamara na duba kowace ƙwaya, da ta hango baƙa sai iska ta feso ta ture ta gefe. Mace mai tsinta in la'asar ta yi idonta ya gaji, bayanta ya ƙage. Ita wannan yadda ta fara da safe haka za ta kwana.

Ɗan Auta: Yaya, ai ka manta da na'urar da ke ɗaukar kayan ta jera a kwali. Farkon shekarun 1980 Reymond Clavel na makarantar fasaha ta Lausanne a Suwizalan ya ƙirƙiro mutum-mutumin Delta, kuma jera cakulan a kwali ne ya jawo tunanin. Yana rataye ne a sama, hannuwa uku kamar gizo-gizo. Kyamara ta gaya masa inda biskit yake a kan bel mai tafiya da kaya, da yadda ya juya, shi kuma ya zuƙe shi da iska ya ajiye. Sama da 100 a minti ɗaya, ba tari, ba gumi.

Hajiya Mai Zoɓo: To ɗana, cakulan da biskit duk daga mazubi ɗaya suka fito, girmansu ɗaya. Zoɓo fa? Wani a buɗe, wani a dunƙule, wani da zaren buhu ya naɗe a cikinsa. Matan da ke min aiki da yatsa suke gane wanda bai gama bushewa ba, da hanci suke jin wanda ya fara fumfuna. Akwai bazawara a cikinsu da ke ciyar da marayu huɗu da wannan tsintar. Ita nake tunawa duk sa'ad da kuka ce na'ura.

Baba Alhaji: Ku saurara, yara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya. Tsakuwa ce ta jawo? A'a. Maganin ƙwari ne, irin fiya-fiyan nan da ake zuba wa wake a sito. Waken fes a ido. Kyamarar da ke duba launi za ta wuce da shi, mai tsinta ma haka. Sai ɗakin gwaji.

Injiniya: Wannan gaskiya ne Baba, na karɓa. Amma a gyaɗa tana taimakawa ƙwarai, domin ƙwayar da ta canja launi ko ta motse ita ce ta fi ɗaukar gubar fumfuna, kuma cire ta yana rage haɗarin. Ƙarfe da gilashi kuwa akwai na'urorin da ke gano su ko an riga an rufe leda.

Baba Alhaji: Yana ragewa, bai kawar ba. Sannan ka faɗa wa Hajiya sauran: kwamfresa mai ba injin iska ba ta aiki sai da wuta tsayayya, ƙura na rufe gilashin kyamara, in wani abu ya ƙone a jira shi daga ƙasar waje da kuɗin dala. Na ga injin da ya yi wata biyu a kwance, buhuna jibge, a ƙarshe matan nan aka aika a kira.

Injiniya: To na gyara maganata. Ga kaya masu kama ɗaya da yawan gaske, shinkafa, riɗi, biskit, na'ura ce gaba. Zoɓo na bar wa Hajiya, a yanzu dai.

Hajiya Mai Zoɓo: Wannan “a yanzu dai” ɗin ne ke hana ni barci, ƙanena. In ranar ta zo, wa zai koya wa matan nan kula da injin? Ko su ma iskar ce za ta ture su gefe?

Ɗan Auta: Hajiya, ni zan zo ranar Asabar in ga yadda suke tsintar da idona. Ƙarfe nawa suke farawa?

Hajiya Mai Zoɓo: Bakwai. Ka taho da takunkumi, akwai ƙura.