Fosfet ɗin Baba ya ƙi sauka, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Mahaifina yana wankin ƙoda a nan Jos, sau biyu a mako. Gwajin jini na baya-bayan nan ya nuna fosfet ɗinsa (wani sinadari ne da ake samu daga abinci) ya wuce 7, alhali iyakar mai lafiya 4.5 ce, PTH ma, wato sinadarin jiki mai daidaita kalsiyam a jini, ya yi sama.

Likita ya ce ƙodar ba ta iya fitar da fosfet, shi kuma idan ya taru sai ya rage kalsiyam a jini. Daga nan ƙananan ƙwayoyin nan huɗu na wuya, faratairod, su yi ta zuba PTH, suna zuƙo kalsiyam daga ƙashi. Shi ya sa Baba ke kukan ciwon ƙashi, ga ƙaiƙayi, da dare har da mataji yake sosa bayansa.

Mun hana shi lemon kwalba da ƙuliƙuli. Fura da nono kam, sai da aka kai ruwa rana. Maganin ɗaure fosfet kuwa, wanda ke kama fosfet ɗin abinci a hanji kafin ya shiga jini, shekaranjiya na gano sai zai kwanta yake sha, maimakon tare da abinci.

Wannan kaɗai zai iya hana fosfet sauka? Kuma idan ya sauka, ƙwayoyin wuyan za su lafa, ko sai an yi masa aiki?