Taƙaitawa: Gyara da Tantance Hemi Dart ta 1968

Jama'a, maganar yadda ake gane Hemi Dart ta asali (motar tsere ta Dodge) da yadda ake gyara ta ta yi tsawo, ga abin da na tattara.

1. Kowa ya yarda a fara da lambar shaidar da kamfani ya sa wa jikin mota (VIN). Dodge Dart ta tsere lambarta tana farawa da LO23, takwararta Plymouth Barracuda kuma BO29. Kamfanin Hurst ne ya haɗa su a Amurka, da injin da ake kira 426 Hemi. Kaɗan aka yi, shi ya sa jabu ya yi yawa.

2. Lamba kaɗai ba ta isa ba, ana iya cire ta a manna wa wata. A duba jiki: bonet da fendan gaba na faiba ne, gilashin gefe siriri, da maɗauri ake jan sa sama, babu kujerar baya, batir yana but. A nemi takardun saye da tsofaffin hotunan filin tsere.

3. Kafin a kankare fenti da feshin yashi, a ɗauki hoton komai. Wannan ya fi damuna, domin abin da yashi ya cinye ba ya dawowa.

4. Kan inji an rabu. Wasu sun ce sai na asali. Wasu sun ce motar da ta sha tsere da wuya injinta na farko ya tsira, don haka wani irinsa na shekarar ya wadatar, muddin an faɗa wa mai saye.

5. Fenti ma haka: a mayar da ita launin toka yadda ta fito, ko a maido da adon direban da ya yi suna da ita. Masu ra'ayi na biyu sun fi yawa.