Neman shawara: tsohuwar Porsche 911 mai sanyi da iska, ko mai lagireto?

Baban Ummi (Jamus):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masana mota na wannan zaure. Ina zaune a kudancin Jamus, kuma na daɗe ina tara 'yan kuɗi da niyyar sayen Porsche 911 ta hannu. Ba ta zuwa aiki ba ce, wannan akwai wata tsohuwar Golf da ke rufa min asiri. Ta fita Asabar da Lahadi ce idan gari ya yi kyau. Abin da ke hannuna Yuro 35,000 ne.

Motoci biyu ne suka tsaya min a rai. Ta farko ƙirar 2003 ce, wadda suke kira 996, giyar hannu, ta yi tafiyar kilomita 140,000, kuɗina zai saye ta har a ba ni canji. Ta biyu ƙirar 1995 ce, wato 993. Mai ita ya sa mata kuɗin da ya ninka na ta farkon har da ɗoriya, in ita zan saya sai na ci bashin banki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne tsohuwar ta fi tsada nesa ba kusa ba, alhali ƙarfin dokinta 272 ne, ita kuwa sabuwar 320. Wani Bajamushe abokin aikina ya ce min 996 ba 911 ba ce ta gaskiya, kuma wai injinta na iya mutuwa ba sallama. Mene ne asalin wannan magana? Wacce zan ɗauka?

Injiniya (Abuja):
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Sai ka yi haƙuri da ni, don amsarka tana cikin tarihin motar, ba a takardar farashi take ba.

An fara nuna ta a baje kolin motoci na Frankfurt a Satumbar 1963, a matsayin magajiyar Porsche 356. Lambarta a lokacin 901 ce. Kamfanin Peugeot ya ce a Faransa shi ke da lamba uku mai sifili a tsakiya, irin su 404 da muka sani, shi ya sa aka cire sifilin aka sa 1. Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa kamfanin, shi ya jagoranci zanen bodinta. Injin lita 2 ne, silinda shida a kwance, uku dama uku hagu, ƙarfin doki 130, an ajiye shi a bayan tayoyin baya, kuma fanka ce ke sanyaya shi da taimakon baƙin mai. Ba ruwa, ba lagireto.

A kan wannan tsari aka yi ta gini shekara 34. Aka yi Carrera RS mai lita 2.7 a farkon shekarun 1970, aka sa manyan bamba daga ƙirar 1974 saboda dokar Amurka, Turbo ta shigo a 1975. Har kamfanin ya taɓa yanke shawarar yi mata ritaya, ya fito da 928 mai inji a gaba a 1977 don ta gaje ta, amma masu saye suka ƙi sakin 911. Da Peter Schutz ya karɓi shugabancin kamfanin a 1981 ya soke maganar ritayar. Daga nan 964 ta zo a 1989 da birkin ABS da sitiyari mai taushi da samfurin da ke ja da ƙafa huɗu. Sai 993 ɗinka, wadda aka daina yi a 1998. Ita ce ta ƙarshe mai sanyi da iska, 996 da ta gaje ta kuma ita ce ta farko mai lagireto. To kuɗin da mai motar nan ya sa maka, rabinsa na wannan "ta ƙarshe" ɗin ne.

Dalilin barin iska kuwa ba shaƙiyanci ba ne. Dokokin hayaƙi da na ƙarar mota sun tsananta a Turai da Amurka, kuma in kana son bawul huɗu a kowace silinda, zafin kan injin ya fi ƙarfin fanka. Ga kamfanin ya shiga matsin kuɗi a farkon shekarun 1990. Wendelin Wiedeking, da ya zama shugaba a 1993, ya kawo ƙwararru daga Japan suka gyara yadda ake aiki a masana'antar Zuffenhausen, aka kuma tsara Boxster, ƙaramar motarsu mai kujera biyu, da 996 su yi tarayya a kaya da yawa don rage kashe kuɗi. Shi ya sa in ka dubi 996 ta farko daga gaba sai ka rantse Boxster ce, fitilunsu ɗaya. Masu tsohuwar 911 ba su yafe wannan ba har yau, kuma abokin aikinka da alama a cikinsu yake. Amma 996 ta sayu fiye da wadda ta gada, kuma da ita da Boxster ne kamfanin ya miƙe.

Makaniken Panteka (Kaduna):
Yallaɓai Injiniya ya gama da tarihi, bari ni in shiga ƙarƙashin mota. Ni da Bitil da Kombi na fara koyon aiki wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, kuma wanda ya san su ya san dangin wannan injin: a baya yake, a kwance yake, fanka ke hura shi. Wanda ya kafa kamfanin Porsche ma shi ya zana Bitil ɗin. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka ka ce 993 mai sauƙin gyara ce. Tana shan baƙin mai sama da lita 10, fulogi 12 gare ta, biyu a kowace silinda, kuma wasu sai ka kwance kaya kafin hannunka ya kai. Roba da sil na mota mai shekara 30 duk sun bushe, yoyon mai kuwa sai dai a rage shi.

Maganar mutuwar injin 996 kuma ba ƙarya aka faɗa maka ba, amma an ƙara gishiri. Akwai wata sanda a tsakiyar injin, ƙarƙashin kiranshaf, ita ke juya cen ɗin taimin. Su suna ce mata IMS. A ƙarshenta ta wajen kuloci akwai boris rufaffe da girishinsa a ciki. In girishin ya wanke, boris ya fara ci, wata rana sai ya watse, taimin ya goce, fistin ya haɗu da bawul. Daga nan sai sauke inji. Ba kowace ke yi ba, da yawa sun tsufa da nasu na asali. Amma ta 2003 tana cikin shekarun da aka yi amfani da boris mai layi ɗaya, wanda shi aka fi kuka da shi. Abin daɗin shi ne a irin taka ana iya canza shi ba tare da an fasa injin ba. Giyabos ake saukewa, don haka masu hankali suke haɗa shi da canjin kuloci, aiki ɗaya kuɗin hannu ɗaya. Tambayi mai motar ko an canza, kuma kada ka yarda da baki, rasit za ka gani.

Ɗan Sabon Gari:
Mu da muke lallaɓa Corolla 'yar Kwatano muna nan muna karatu. Oga in ka saya a turo hoto mu sa a sitatus.

Hajiya Maman Sadik:
Ƙanena, ni ban san boris ba, amma na san bashi. Motar da za ta fita kwana biyu a mako, rabin shekara kuma tana kwance a gareji saboda sanyi, ita za ka je ka ɗauko wa bashi mai ruwa? Ka bar wannan maganar tun yanzu. Sannan ka tambayi Maman Ummi ra'ayinta, don na ga kujerun bayan motar nan a hoto, ko Ummi in ta ƙara tsawo kaɗan ba za ta zauna ba.

Baban Ummi (Jamus):
Hajiya Yaya, na ji kuma na karɓa. Maman Ummi ta sani, sharaɗinta dama shi ne ba bashi. Ni ne dai zuciya ke ta raya min.

Na-Landan:
Ni dai zan saɓa wa Injiniya kaɗan, da girmamawa. Ya sa abin ya zama kamar tsadar 993 duk ɗoki ne na masu tara tsofaffin kaya. Ba haka ba ne. Na taɓa tuƙa ta wani aboki, kuma abin da ba ya shiga takarda shi ne yadda motar take ƙarama, gilashin gaba a miƙe kusa da fuskarka, ƙofa in ka rufe ta ka ji ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ga kukan fanka a bayan kunnenka. Ita ce kuma ta farko da aka sake wa tsarin ƙafar baya gaba ɗaya, wanda ya rage halin nan na tsofaffin 911 na jefa baya a kwana. A cikin 996 roba ta yi yawa, wannan ko masu son ta sun yarda.

Kuma akwai lissafin da ba a yi ba. A Jamus motar da ta cika shekara 30 da rajista, in tana nan yadda aka ƙera ta, tana iya samun lamba mai H a ƙarshe, harajinta na shekara tsayayye ne ƙasa da Yuro 200, kuma tana shiga unguwannin da aka hana tsofaffin motoci saboda hayaƙi. Ta 1995 ta kai. Ta 2003 sai 2033. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani. In da hali, ka ƙara haƙuri ka ci gaba da tari.

Injiniya (Abuja):
Na-Landan, ban musa daɗinta ba. Amma mutumin nan tuƙi yake so, ba ajiya ba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a 993, kowane kilomita da ya ƙara mata sai ya ji a ƙirjinsa, ƙarshenta ya lulluɓe ta da tampol yana leƙawa. Kuma yana tari farashin yana gudu.

Tunda ka taɓo jefa baya, Baban Ummi ka riƙe wannan ko wacce ka saya. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a baya yake. Kamar ka ɗaure buhun masara a can ƙarshen kariyar babur ne ka shiga kwana da gudu: in ka saki totur a tsakiyar kwanar, bayan ne zai nemi ya wuce gaba. Tarihin motar nan kaf kokawa ce da wannan hali. A shekarun farko har ƙarfe mai nauyi suka riƙa cusawa a bambar gaba, a ƙirar 1969 suka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, daga baya aka faɗaɗa tayoyin baya, aka zo da ja da ƙafa huɗu, aka zo da kwamfutar da ke kama mota in ta fara zamewa. A 996 wannan kwamfutar, PSM, ba kowace Carrera mai ja da baya ke da ita ba, sai wanda ya biya aka sa masa. Duba ko taka tana da ita. Ga sabon hannu, a kan jiƙaƙƙen titin Jamus, ni na fi damuwa da wannan a kan siffar fitila.

Ɗan Damagaram:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Mu nan Nijar mun san motar ga tun ba a intanet ba. Lokacin da tseren Paris zuwa Dakar ke ratsa Tenere ya biyo ta Agadas, 911 mai ja da ƙafa huɗu ce ta ci na 1984, René Metge ke tuƙi, kuma ya sake ci a 1986 da Porsche 959. Abin da suka koya a rairayinmu na cikin abin da ya kai su ga Carrera 4, wato 911 mai ja da ƙafa huɗu ta kasuwa. Har sun yi wata 911 Dakar mai tsayi daga ƙasa don tunawa, guda 2,500 kacal. Ita kaɗai ce za ta iya da hanyar garinmu, sauran duk a bar su can.

Baban Ummi (Jamus):
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na bar maganar 993, Na-Landan ka yi haƙuri. Na kira mai 996, ya ce an canza kuloci amma bai da tabbas kan boris ɗin, zai duba takardu. Wani kuma ya rubuto min ta gefe ya ce in tsallake duka in nemi 997, wadda ta gaji 996, tunda ita fitilunta sun koma zagaye. Yaya kuka gani?

Injiniya (Abuja):
997 kashi biyu ce, kada a haɗa maka su. Ta farko, daga 2004 zuwa 2008, kyakkyawa ce amma injinta ɗan gidan su 996 ne. Yawancinsu an sa musu boris mafi girma wanda ba ya yawan ba da matsala, sai dai shi ba ya fita sai an raba injin biyu. Ta biyu, daga ƙirar 2009, sabon inji ne gaba ɗaya, babu wannan sandar sam, kuma a nan ne sabuwar giyar otomatik, PDK, ta maye gurbin tsohuwar, Tiptronic. Ita ce mai kwanciyar hankali, amma kasuwa ta san da haka, ban ga 35,000 na kawo maka mai lafiya ba. Bayanta kuma motar ta ƙara girma: 991 a 2011 da sitiyarin lantarki, turbo a kan kowace Carrera daga 2015, sai 992, wadda a 2024 aka sa wa samfurin GTS batir da injin lantarki a cikin giya. Kowane sauyi sai an ce an kashe 911. Waɗanda suka zagi lagireto a 1998, 'ya'yansu ne ke zagin batir yanzu.

Ni a wurinka 996 zan ɗauka, in bar aƙalla Yuro 5,000 a gefe ban taɓa ba.

Makaniken Panteka (Kaduna):
"Bai da tabbas" ɗin nan ka ɗauke shi a matsayin ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi. Kafin ka biya ko sisi, kai ta garejin da suka saba da irinta, ba na mai motar ba. A kwance filtar mai a yanka ta a baje takardar a rana, in ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe ka yi musu sallama. A cire fulogi a zura kyamara a duba bangon silinda ko ya karce. Ka je da safe ka tayar da ita da kanka tun injin na sanyi, ka saurari ko akwai ƙwas-ƙwas, ka leƙa bakin salansa biyun ka ga ko ɗaya ya fi ɗaya baƙi. Sannan ka durƙusa ka haska tocila ta ramukan bambar gaba. Lagireto biyu ne a can, dama da hagu, ganye da datti na taruwa a lungunsu su riƙe ruwa har su ruɓar da su, ga gishirin da ake zubawa a titinku lokacin ƙanƙara. In ya kawo takardun, ɗauki hoton rasit ɗin kulocin ka turo nan mu ga abin da aka rubuta a kai.