Dan Allah a ba ni shawara, tun da aka min dashen hanta an raba ni da tattabaruna da aikin agaji

Slm yan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Ringim. Ciwon hanta nau'in B ne ya cinye min hanta ban sani ba, sai da cikina ya kumbura idona ya yi ɗorawa, kowa na cewa shawara ce aka yi ta ɗura min jiƙe-jiƙe kusan shekara, kafin a kai ni Kano a ce hantar ta gama aiki sai dashe. Ƙanina da muke ciki ɗaya shi ya ba da ɓarin tasa, gonarmu ta gado ta fadama muka sayar, Inna ta sayar da shanunta biyu, mutanen gari suka yi karo-karo har a masallacin Juma'a, wani ɗan kasuwa ya cika sauran Allah ya saka masa, muka tafi Indiya ni da shi da kawunmu, kusan wata uku muna can.

Alhamdulillah na dawo da ƙafata. Amma na tarar an kwashe tattabaruna an kai gidan maƙoci, tun ina yaro nake kiwonsu, sun haura arba'in. Aikin agaji ma da nake yi, gyaran sahu ranar Juma'a, haƙar kabari, raka masu ɗigon foliyo gida-gida, duk ƙanin nawa ya hana, in na yi magana sai ya ce yaya hantata ce fa a cikinka. Daga makaranta sai zaman tabarma a ƙofar gida, wlh zaman ya fara taɓa min zuciya. In dawo da tattabarun in koma agaji ko yaya zan yi?

Baban Khalifa: Malam ka dawo da kayanka kawai. Wanda ya raya ka a Indiya shi zai raya ka a Ringim. Kakanninmu da tattabaru da kaji suka kwana ɗaki ɗaya me ya same su? Ka riƙa shan zuma da habbatus sauda da safe, ka ƙara da zogale, jikinka zai yi ƙarfi ya kori komai.

Maman Ilham: Allah ya ƙara lafiya Malam. Amma ba ka faɗa mana yaushe aka yi aikin ba, kuma wane magani kake sha? Ni ma'aikaciyar jinya ce. In kana shan tacrolimus, aikinsa shi ne ya kwantar da garkuwar jikinka don kar ta yaƙi sabuwar hantar, to abin da mai lafiya zai shaƙa ya wuce kai zai iya kwantar da kai. Busasshen kashin tattabara yana ɗauke da wani naman gwari, in ana shara ƙurar ta shiga huhu tana iya haurawa kai ta zama irin sanƙarau. Ɗigon foliyo kuma ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana, tana fita a kashin yaran har makonni. Ƙaninka bai yi laifi ba.

Mai tambaya: Eh shi nake sha, takwas na safe da takwas na dare ban taɓa tsallakewa ba, da na ciwon hantar. Amma Hajiya ai ba a ɗaki nake kwana da su ba, ɗakinsu na bayan gida ne, kuma ni ba na taɓa kwalbar ɗigon, rakiya ce kawai saboda mutane sun san ni suna buɗe mana ƙofa.

Baban Khalifa: Ka ji ko, su ma'aikatan asibiti komai tsoro. An ce Najeriya ta rabu da foliyo tun 2020, to me zai kama shi? Ni na ga mutumin da aka yi wa aiki ya koma noman rani ko wata biyu bai yi ba.

Maman Ilham: Wadda aka ce an rabu da ita a 2020 ta daji ce Alhaji, wato asalin ƙwayar da ke yaɗuwa da kanta, ba ita nake nufi ba, ta cikin ɗigon nake nufi. Kuma dan Allah a daina ba shi jiƙo, garehul kaɗai, wato babban lemon nan mai ɗan ɗaci, yana hauhawar da maganin nan a jini har ya taɓa ƙoda, balle haɗin da ba a san me ke ciki ba. Shi ba ƙarfafa garkuwa yake nema ba.

Ɗan Auyo: Hmm ni dai maganar ƙanin ce ta tsaya min. Ni na sayar da babur ɗina na biya wa yayana kuɗin aikin ƙaba, ya warke ko sannu, yanzu in mun haɗu a kasuwa kamar ni na ci bashinsa, matarsa ma ta hana yaranta shiga gidana, gsky ɗan uwa sai a hankali. Ka bi yaron nan ka ji da shi.

Mai tambaya: Wlh ban raina abin da ya yi min ba, kullum yana cikin addu'ata. Amma shi hantarsa ta tofo ta cika, ya koma gona ya koma ƙwallonsa ta yamma, ni ko nonon da Inna ta dama min fura da shi sai an tafasa, ruwa sai an tafasa, in an yi rasuwa ina ji ana haƙa ina zaune. Ba don in zauna aka sayar da gonar nan ba.

Ummu Sadiq: Allah sarki. Mu namu maigidan ƙoda aka dasa masa, kuɗin magani da gwajin jini duk wata su suka gama da mu, dangi kowa ya watse bayan an dawo, har keken ɗinkina ya tafi. Ku da kuke maganar tattabaru ku gode Allah.

Malam na Tsangaya: Agaji ai ba haƙar kabari kaɗai ba ne. Kai malami ne, ka riƙe musu littafin asusu, ka koyar da manya karatu da yamma a fili inda iska ke kaɗawa, ka riƙa tura mutane gwajin ciwon hanta da kai jarirai rigakafinta tun ranar haihuwa, maganarka za ta fi ta kowa shiga tunda sun ga abin da ya same ka. Tattabarun kuma a bar su gidan maƙoci yaro ya riƙa share musu, kai ka kalle su daga nesa.

Baban Khalifa: Kallo daga nesa kuma? Mutum da dukiyarsa? Malam ka ji tawa, ka sa takunkumi ka shiga ka yi shararka, ba abin da zai faru da yardar Allah. Zama wuri ɗaya shi ne ciwon.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma riƙe littafi akwai mai yi, kuma ni aikin jiki na saba. Tattabara kuma in ba kai ke watsa mata dawa ba mantawa take da kai, jiya biyu sun sauka a katangarmu na kira su suka tashi. Ina ganin zan dawo da ko guda shida ne in gwada da takunkumin.

Maman Ilham: Har yanzu ba ka faɗi wata nawa da aikin ba Malam, kuma shekarar farko ta fi kowacce haɗari. Ka tambayi likitanka kafin ka dawo da ko ɗaya. Yaushe ne ranar komawarka asibiti?

Mai tambaya: Sai bayan an yi albashi zan shiga Kano. Ɗakin dai na sa yara sun fara yaɓe shi.

Ɗan Auyo: Ƙanin naka ya sani?