Akwai wanda ya taɓa kiwon gwano a gida ya rayu?

Mai Gilashi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Maradi ne, unguwar Ali Ɗan Sofo, sana'ata haɗa tagogin alminiyom da gilashi.

Farkon daminar nan na je taya kawuna noma a gonarsa, kudu da Madarunfa, wajen dajin Baban Rafi. Da sassafe muna shiga gona na ga jerin gwano sun yanko turba, baƙaƙe wuluk, manyan cikinsu sun kusa gaɓar yatsa. Na ajiye hauya na bi su. Sun yi tafiyar kamar taki 40, suka tsaya suka taru, sannan suka afka wa wani kututture da gara ta lulluɓe da ƙasa. Manyan na fasa rufin, ƙananan na kutsawa ciki. Ba a jima ba suka juyo, kowane da gara cike da baki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani da na gani ɗauke da ɗan uwansa, baƙi irinsa, ya naɗe ƙafafu ana tafiya da shi. Na zaci gawa ce, da na duƙa sai na ga yana motsi. Tun ranar ban daina tunanin abin ba.

Washegari na kwashi kamar 40 a kwalba. Ɗaya ya harbe ni a babban yatsa, har la'asar yana zugi. Da na dawo gari na haɗa musu akwatin gilashi, tsawon santimita 40, faɗin 25, na kashe kusan jikka 4, na zuba yashin gulbi. Na ba su sukari, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, har fara na kama musu. Ko kallo ba su yi ba. Kewaya bango kawai suke dare da rana. Kwana 9 babu ko ɗaya da ya rage, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo, don ni na raba su da gidansu.

Me suke ci? Ta yaya ake samun sarauniyarsu? Inna ta ce kada in sake kawo mata wannan wari gida, ga jikanyarta da ta fara rarrafe. Ni kuma so nake in riƙa ganin abin nan da idona kullum.

Ɗalibin Noma:

Wa alaikumus salam. Yaya Mai Gilashi, ni ɗalibi ne a sashen noma na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma abin da ka gani ba idonka ne ya ruɗe ka ba.

Mu Hausawa gwano muke ce wa manyan baƙaƙen tururuwa masu wari da harbi, amma ba iri ɗaya ba ne. Mai fita a jere ya yaƙi gara, masana na kiransa Megaponera analis, wasu su ce Matabele, sunan wata ƙabilar mayaƙa ta kudancin Afirka. Wani Bajamushe, Erik Frank, ya yi shekaru yana bin su a gandun dajin Komowe na Kodebuwa. A 2017 ya wallafa cewa wanda sojan gara ya cire wa ƙafa, ko ya maƙale masa a jiki, yakan saki wani ƙamshi na neman agaji, 'yan uwa su ɗauke shi zuwa gida. A 2018 ya nuna cewa a gida lasar raunin ake yi: waɗanda ba a lasa ba 80 cikin 100 ke mutuwa, waɗanda aka lasa 10 kacal. Daga baya kuma aka gano suna shafa wa raunin da ya harbu magani daga wata gaɓa da ke jikinsu. Wanda ya rasa ƙafafu biyar kuwa ba ya ma yarda a ɗauke shi.

Naka sun mutu ne saboda abu biyu. Waɗanda ke fita farauta ma'aikata ne, dukansu mata, kuma ba su ke haifar da sababbin ma'aikata ba. In babu uwa, babu ƙwai, babu tsutsar da za a kai wa abinci, to gida ya ƙare. Sannan wannan irin gara kaɗai yake ci, mai rai, kuma yakan fita farauta fiye da sau ɗaya a yini.

Sarauniyar ita ce babbar matsala. Ta yawancin tururuwa tana da fiffike, tana tashi bayan ruwan sama, a tsince ta. Ta wannan ba ta da fiffike ko kaɗan. Gida ne ke rabuwa biyu, sabuwar uwa ta fita da ƙafa tare da rundunarta. Kenan sai ka tone gida sukutum, wanda a Komowe ake samun daga 900 zuwa sama da 2,000 a ciki, duk masu harbi. Ko ka yi nasara, ina za ka samo garar da za ta ci da su har rani? Kuma ka tuna katakon rufin ɗakinku.

Maman Biyu:

Ƙanena, ka ji maganar Inna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 11 a aiki. Yawancin mutane harbin tururuwa zafi ne da kumburi, a sa ruwan sanyi ya wuce. Amma akwai wanda jikinsa ba ya ɗauka. Na taɓa karɓar wata yarinya da cinnaka ya harba a kan tabarma, kafin a iso da ita leɓɓa sun kumbura, jiki duk borin jini, numfashi na fita da ƙyar. Allurar adirenalin ce ta cece ta da ikon Allah. Cinnaka fa, ɗan mitsitsi. A Saudiyya akwai baƙar tururuwar da suke kira samsum, likitocinsu sun sha rubutu a kan irin wannan da take jawowa.

Ba a gane mai wannan lalura a fuska, kuma harbin farko kan zo da sauƙi, na baya ya fi muni. Kai da aka riga aka harba sai ka kula. Duk wanda aka harba ya ji maƙogwaro na shaƙewa ko jiri, likita kai tsaye, kada a tsaya shafa manja. Ba a banza ake cewa cinnaka bai san na gida ba. Yarinya mai rarrafe duk abin da ta gani baki take kai shi.

Baba na Tibiri:

Ɗana, son da kake wa halittar nan abu ne mai kyau. Sura guda Allah Ya saukar da sunan tururuwa, kuma a aya ta 18 ita ce ta gargaɗi 'yan uwanta kada rundunar Annabi Sulaiman ta tattake su. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Ka kuma san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ci da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Na farko ka yi shi cikin rashin sani. Yanzu an gaya maka abincinsu, in ka san ba ka iya wa, kada ka tsare su.

Na Zariya:

Malam Mai Gilashi, ni ina kiwon tururuwa shekara biyu kenan a nan unguwar Zariya cikin Maradi, amma ba gwano ba, manyan nan masu shan zaƙi da ke yawo da dare. Ba su da ƙari, cizo kawai. Sarauniyata na tsince ta ƙarƙashin fitilar shago bayan ruwan farko, ta riga ta karya fiffikenta. Za ka gane ta da kaurin ƙirji. Kada ka haɗa ta da shinge, shi ɗan gara ne.

Na sa ta a kwalbar gwaji irin ta laburatuwar, ruwa sulusi, na danna auduga ta tare ruwan, ta shiga, na toshe bakin da busasshiyar auduga, na naɗe da takarda na ajiye a duhu. Wata biyu ban ba ta komai ba sai ga 'ya'yan fari guda 7. Yanzu sun haura 200, suna shan ruwan sukari da ɗan guntun fara.

A Maradi ba yunwa ke kashe su ba, zafi ne da bushewa. Watan Afrilu da ake haura digiri 40, gilashi a ɗakin kwano tanda ne. Ni bayan randa nake ajiye su, inda ƙasa ke da sanyi. Lokacin hunturu kuma kullum sai na duba audugar. Maganin sauro na hayaƙi ko na fesawa kada ya shiga ɗakin, dare ɗaya ya kashe mini gida guda. A bakin akwatin ka shafa hodar jarirai da aka dama da alkol, in ta bushe ba sa iya hawa.

In dai gwanon kake so dole, akwai ɗaya irin, mai yawo ɗai-ɗai da ya fi wari, shi sarauniyarsa tana da fiffike kuma yana cin ƙwari iri-iri. Amma harbinsa na nan, warin ma Inna za ta fara ji kafin kai.

Mai Gilashi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni. Anti, na karanta wa Inna amsarki, ta ce a gaishe ki. Gwano na bar shi a gona. Kawuna ya ce gidansu na gindin wata tsohuwar kalgo, ba zai bari a taɓa wurin ba, in mun je girbi zan kwana biyu in riƙa bin su safe da yamma. Ɗalibi, wanda na gani an ɗauka, ashe ƙila yana nan da rai yana farauta da ƙafa biyar.

Akwatin kuma na wanke shi na kai shagonmu, can bayan inda babu rana. Malam na Zariya, ko zan iya zuwa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in ga naka? Ina so ka nuna mini sarauniya da ido, don har yanzu ana ruwa kuma akwai fitila a ƙofar shagon.