Ɗalibaina sun iya Turanci a takarda, baki ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare, a wata makarantar gwamnati da ke cikin Kano, kuma na maƙale a wuri ɗaya.

Ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC da NECO a takarda ake yin sa, ɗalibi ya zaɓi amsa kawai. Don haka yarana sun haddace alamomin sauti, suna cin maki, amma ka ce ɗaya ya tashi ya faɗi yadda ya zo makaranta, sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen littafi. Wanda ya daure ya yi magana, da ya sa "f" a gurbin "p" sai aji ya kwashe da dariya. Shi ke nan, ba zai sake ba har ƙarshen zango. 'Yan matan ma sun fi shiru.

Sauraro ya fi ba ni wahala. Ajin a cike yake maƙil, ba wutar lantarki, kuma muryar wayata ba ta wuce layi na uku. Na raba su rukuni-rukuni, nan take suka koma Hausa, hayaniya ta yi yawa har shugaban makaranta ya leƙo ta taga.

To, a minti 40, yaya kuke yi kowa ya samu ya yi magana? Ta yaya kuke hana dariyar nan ba tare da bulala ba? Kuma akwai wanda ya gwada ƙaramar lasifika mai caji ta wadatar da babban aji?